Digiri na biyu a fannin kwamfuta: Ɗan Adar ya nemi mai masauki kafin ya hau mota

A ƙaramar hukumar Allakaye da ke gundumar Buza ta jihar Tawa, babu wanda ke buƙatar a koya masa yadda ake shirya tafiya bida. Da an ɗaure gero an zuba a rumbu, samari sun fara haɗa kaya, wasu zuwa Abijan, wasu Libiya, wasu Legas, kuma haka abin yake a Keita da Madawa da maƙwabtansu tun zamanin kakanni. Abin da ba a yi shi ne yaro ya hau mota don kawai sunan gari ya yi masa daɗi a kunne. Kafin ya tashi, gida ya san wanda zai sauke shi, ya san sana'ar da zai kama, ko tebur ne ko shayi ko tura baro, ya kuma san wanda za a kira idan abu ya ɓaci.

Kuɗin bidar nan ne ya kai wasu ƙannen jami'a. A yau akwai 'yan Adar da suka gama lisans, wato digiri na farko, a fannin kwamfuta, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Jami'ar Dosso ko ɗaya daga cikin makarantu masu zaman kansu, kuma suna tsaye a bakin digiri na biyu, inda hanya ke rabuwa. Ga ƙirƙirarriyar basira, ga tsaron intanet, ga nazarin bayanai, ga haɗa manhaja, ga rezo da sadarwa. Yayan da ke Abijan, wanda shi zai biya, yakan turo saƙon murya da tambaya guda: "Ƙanena, wanne ne ya fi kawo kuɗi?" Ƙanen kuma sai ya ambaci wanda ya fi tashe. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, amsar kusan kullum ɗaya ce, ƙirƙirarriyar basira.

A nan ne hikimar gida take ɓacewa, a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Mutanen da ba za su bar yaro ya tafi Abijan ba mai masauki ba, su ne ke zuba kuɗin shekara biyu a kan fannin da ba su tambayi wanda zai ɗauki mai shi aiki ba. Kuma abin ba ƙarami ba ne. A tsarin da jami'o'in Nijar ke bi, lisans shekara uku ne, digiri na biyu shekara biyu, kuma wanda ya gano a tsakiyar hanya cewa ya yi kuskure sai dai ya koma farko ko ya ƙarasa ba da son ransa ba. Idan karatun a waje ne, ana maganar miliyoyin sefa, kuɗin da da an ajiye shi zai gina ɗaki ko ya haƙa rijiyar lambu.

Tambayar yayan ba ta da laifi, an dai ɗora ta ne a inda bai dace ba. Fanni ba ya biyan albashi, mai ɗaukar aiki ne ke biya, kuma masu ɗaukar masanin kwamfuta a Nijar ba su da yawan da za su gagari lissafi. Akwai kamfanonin waya huɗu, Airtel da Moov Africa da Niger Telecoms na gwamnati da Zamani Telecom wanda ya gaji Orange bayan an sayar da shi a 2019. Akwai bankuna irin su Sonibank da BIA da Ecobank. Akwai kamfanonin aika kuɗi, Nita da Amana da Al Izza, waɗanda ɗan Allakaye ya fi kowa sani tunda ta nan kuɗin bida ke isowa gida. Akwai gwamnati, daga hukumar haraji zuwa ta kwastan da ke aiki da manhajar Sydonia, zuwa ma'aikatar lafiya da ke tara alƙaluman asibitoci a DHIS2, zuwa hukumar da ke kula da zamanantar da ayyukan gwamnati. Sai ƙungiyoyin agaji da kamfanonin man fetur.

Abin da ke hana shugabannin waɗannan wurare barci sananne ne. Kada rezo ya ɗauke, kada rumbun bayanai ya lalace, kada kuɗin da aka turo daga Abijan ya maƙale a hanya, kada ɓarawo ya shiga asusun mutane. Duk ɗalibin da ke shakka yana da hanya mai sauƙi ta gwadawa, wadda ba ta cin ko dala. Ya tattara sanarwar neman ma'aikata da ke fitowa a jaridar Le Sahel da hukumar ANPE da shafukan kamfanonin nan na tsawon wata shida, ya ƙirga sau nawa aka nemi mai kula da rezo, sau nawa mai haɗa manhaja, sau nawa mai kula da rumbun bayanai, sau nawa kuma ƙwararre a ƙirƙirarriyar basira. Lissafin da zai fito masa ya fi shawarar duk wani mai bidiyo a TikTok da ke magana daga Paris ko Toronto, domin shi wancan kasuwarsa yake bayani.

Fannin rezo da sadarwa shi ne wanda samari suka fi rainawa, wai ya tsufa. Alhali a ƙasa mai faɗin Nijar, inda ƙauyuka da yawa har yanzu sai an hau tudu ake samun kira, aikin ma bai kai rabi ba. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin sada ƙauyukan Nijar da intanet. Bankin Raya Afirka ya zuba kuɗi a layin fiba da ke ratsa Sahara don haɗa Nijar da Aljeriya da Chadi da Najeriya. Starlink ya fara aiki a ƙasar a 2025. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar wanda zai tsara, ya sa ido, ya gyara. Wanda ya ga yadda abubuwa suka tsaya cik lokacin da Najeriya ta yanke wutar lantarki bayan juyin mulkin Yulin 2023, ko lokacin da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a Maris ɗin 2024, ya san darajar mutumin da ya iya riƙe sadarwa a raye cikin wahala. Wani alherin kuma shi ne wannan aikin ba a Yamai kaɗai yake ba, akwai shi a Tawa da Ƙonni da Maradi, kuma ba aiki ba ne da wani zai yi daga Indiya ta intanet ya ƙwace wa ɗan gida.

Tsaron intanet buƙatarsa gaskiya ce, babu mai musu. Nijar ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2017 da ta laifukan intanet a 2019, kuma duk wanda ke da waya ya taɓa samun kiran ɗan damfara da ke cewa an turo masa kuɗi bisa kuskure. Sai dai ƙofar shiga fannin ƙunci gare ta. Babu bankin da zai miƙa wa sabon ɗalibi makullan gidansa don kawai an rubuta "tsaro" a takardarsa. Ita kanta shaidar CISSP, wadda ake ji da ita a duniya, sai mutum ya yi shekara biyar yana aiki kafin a ba shi cikakkiyarta. Yawancin masu wannan aiki sun fara ne da kula da rezo da sabobi, suka san yadda gidan yake kafin a ba su gadinsa. Don haka digiri na biyu da ya haɗa rezo da tsaro ya fi wanda ya tsaya kan tsaro zalla amfani ga mai neman aikin farko, domin idan ƙofa ɗaya ta ƙi buɗuwa akwai ta biyu.

Haɗa manhaja kuwa shi ne fannin da ya fi kowanne faɗi, kuma shi ne wanda ake ta yi wa jana'iza tun da ransa. Masu tsoro suna da hujja. Meta ya sallami ma'aikata 11,000 a Nuwamban 2022, Google ya sallami 12,000 a Janairun 2023, kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira yanzu suna rubuta cikin daƙiƙu abin da ƙaramin ma'aikaci ke kwana yana yi. Wanda iyakar iyawarsa ita ce a ba shi zane ya mayar da shi shafin intanet, lallai ya shiga uku. Amma ba wannan ne aikin da ke jira a Nijar ba. A Satumban 2025 babban bankin BCEAO ya ƙaddamar da tsarin biyan kuɗi nan take da ke haɗa bankuna da kamfanonin kuɗin waya a ƙasashe takwas masu amfani da sefa, kuma kowace cibiya da za ta shiga sai an zauna an haɗa na'urorinta da tsarin. Hukumar haraji na buƙatar kamfanoni su riƙa ba da takardar ciniki ta lantarki. Dillalan albasa na Galmi da Madawa, waɗanda ke loda manyan motoci zuwa Gana da Kodebuwa, har yanzu da yawansu a littafi da ƙwaƙwalwa suke riƙe lissafin bashi. Injin ba zai zauna a rumfar dillali ya fahimci dalilin da ya sa ba ya son a rubuta wani bashin ba. Ɗan da ya tashi a cikinsu zai iya.

Akwai misali a gida. Abdou Maman Kané, masanin kwamfuta ɗan Nijar, ya ƙera tsarin da ke ba manomi damar kunna ban ruwan lambunsa ya kashe da wayar hannu daga nesa. Wannan ne ya ba shi babbar lambar yabo ta Sarki Hassan na Biyu kan ruwa a 2015, a taron duniya da aka yi a Koriya ta Kudu. Ba sabon lissafi ya gano ba. Ya haɗa manhaja da sadarwa da hasken rana ne a kan matsalar da duk mai lambu a kwarin Tarka ya sani.

Nazarin bayanai fuska biyu gare shi. Shekaru da dama ƙungiyoyin agaji ne babbar kasuwarsa, su ke ɗaukar masu tsara tambayoyi a KoboToolbox da masu fitar da rahoto, kuma albashinsu ya fi na gwamnati nesa ba kusa ba. Dakatar da tallafin Amurka na USAID a Janairun 2025, da janyewa ko korar wasu ƙungiyoyi daga ƙasar, sun nuna cewa wannan inuwa ce ta giginya. Ɗaya fuskar kuwa ba a cika kallonta ba, wato taswira da hotunan tauraron ɗan Adam. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, aikinta ke nan, bin sawun damina da amfanin gona a ƙasashen Sahel. Ɗan Adar ma ya fi kowa dalilin sha'awar wannan reshe. A ƙasarsa ne aka fara dasa layukan itatuwan kare iska na kwarin Majiya a 1975, a ƙasarsa ne aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984 da kuɗin Italiya. Sanin hekta nawa suka rayu, ina zaizaya ta dawo, wane gulbi ne ke cikewa da yashi, duk yanzu da hotunan sama ake yinsa, kuma hotunan Sentinel na Turai da manhajar QGIS kyauta ne. Guraben ba su da yawa, amma masu nemansu ma ba su da yawa.

To ita ƙirƙirarriyar basirar fa, a bar wa wasu ke nan? A'a. Akwai hujja mai ƙarfi a ɓangaren masu sonta, kuma ya kamata a saurare ta. Kundin tsarin da aka zartar a Maris ɗin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Miliyoyin mutanen da ba su karanta Faransanci ba za su fi amfana da na'urar da ke jin magana ta amsa da harshensu. Masu bincike irin su Dokta Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa na HausaNLP sun yi nisa, sun fitar da tarin bayanai irin su NaijaSenti a 2022. Amma galibin Hausar da ake koya wa injina ta rubutu ce, mai bin Kananci. Tsohuwar Allakaye da za ta ce "yaz zaka" a inda Bakano zai ce "ya zo" tana buƙatar jikanta a cikin ɗakin binciken, in ba haka ba injin zai yi ta ce mata ta maimaita.

Sai dai wannan hanya sharuɗɗa gare ta, kuma masu tallar makarantu ba sa faɗinsu. Na farko lissafi ne, aljabara da ƙididdiga da ilimin yiwuwa, ba na cin jarrabawa kawai ba, na wanda yake jin daɗinsu. Na biyu Ingilishi, domin da shi ake rubuta kusan duk binciken. Na uku malami mai bincike a fannin da zai duba kundin ɗalibi, da na'urori masu ƙarfi da wutar da ba ta yankewa. Na huɗu, wanda ya fi shafar mai biyan kuɗi, shi ne haƙuri, domin sau da yawa digiri na biyu a nan mataki ne zuwa digirin digirgir ko zuwa aiki a waje, ba zuwa albashi a Yamai bayan wata shida ba. Akwai shirye-shiryen da ke ɗaukar nauyin ɗalibi gaba ɗaya, irin su AMMI da Moustapha Cissé ɗan Senegal ya kafa a Kigali a 2018 ƙarƙashin cibiyar AIMS. Wanda ya ci irin wannan gurbi ya samu mai masauki na gaske, ya tafi kawai, Allah Ya ba da sa'a. Wanda kuma zai biya daga aljihun yayansa a makarantar da bara take koyar da lissafin kuɗi na kamfani, bana ta sake allo ta rubuta "ƙirƙirarriyar basira", kifi yake saye a ruwa. Gara ya ɗauki haɗa manhaja ko nazarin bayanai mai tushe, ya sa ƙirƙirarriyar basirar a kundin kammala karatunsa. Daga tushe ana iya hawa zuwa can, amma saukowa daga can zuwa aikin yau da kullum ba tare da tushe ba wuya gare shi.

Ga masu niyyar fita waje, taswirar ta canza. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a Janairun 2024, kuma hanyar da a da ta fi kowacce sabo ta yi wuya. Idanu sun koma Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Turkiyya, da Dakar inda makarantar sadarwa ta ESMT take tun 1981, wadda Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa ta. Akwai kuma wata hanya a bakin ƙofa da ake mantawa da ita. Daga Ƙonni zuwa Sakkwato tafiyar sa'o'i kaɗan ce, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, gaba ga Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya. Ɗalibin da ya yi lisans da Faransanci ya ƙara digiri na biyu da Ingilishi, ga Hausa a bakinsa, ya riƙe abin da 'yan kaɗan ne ke da shi a yankin, musamman yanzu da Nijar ta sanya Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci. Wanda kuma ya san a ransa ba dawowa zai yi ba, to ya yi wa kansa da gida gaskiya tun farko, ya duba sanarwar ayyukan ƙasar da zai zauna, domin lissafin Kasablanka daban yake da na Yamai.

Ko a ina ne, sunan fanni a takarda bai kai abu biyu muhimmanci ba. Ɗaya shi ne ko hukuma da majalisar CAMES sun amince da digirin, domin aikin gwamnati da koyarwa a jami'a da takarda suke tafiya, kuma babu baƙin cikin da ya kai a gama shekara biyu a ce takardar ba ta da gurbi. Ɗayan shi ne horon sanin makamar aiki na shekarar ƙarshe, sitaj kamar yadda ɗalibai ke kiransa. Watannin nan da ɗalibi ke yi a cikin kamfani su ne ƙofar aikin farko ga mutane da yawa, musamman ɗan talaka da ba shi da kawu a ofis. Makarantar da ke tura ɗalibanta banki ko kamfanin waya duk shekara ta fi wadda ke ba su wasiƙa ta ce su je su nema da kansu, ko da ta biyun ta fi kyawun gini.

Wannan ya dawo da magana kan yayan da ke Abijan. Ba sai ya san bambancin rezo da rumbun bayanai ba kafin ya kare kuɗinsa, tambayoyin da ya saba yi game da tafiya bida sun wadatar. "Ƙanena, waɗanda suka gama wannan fanni a wannan makaranta bara da bara waccan, ina suke yanzu? Ka kira uku daga cikinsu ka ji daga bakinsu? A ina suka yi sitaj? Wa zai koyar da kai, kuma a nan yake zaune ko zuwa yake sau ɗaya a shekara?" Idan kuma ƙanwa ce, tambayoyin ba su canza ba, sai dai a ƙara da inda za ta zauna, kada kuma a ce ta bar rezo wai aikin maza ne.

Idan ƙanen ya kasa kawo sunaye uku, kuɗin ya jira zuwa baɗi, digirin ba zai gudu ba. A shekarar zai iya yin aikin bautar ƙasa a ofishin da ke da kwamfutoci na gaske, ko ya nemi shaidar CCNA wadda kuɗinta bai kai na zangon karatu ɗaya a waje ba, ko ya haɗa wa wata ƙungiyar manoman albasa manhajar lissafi ya ga ko za su yi amfani da ita bayan wata uku. Wanda ya yi shekara yana jan waya a ofis ko yana fama da rumbun bayanan da ya ƙi tashi ranar biyan albashi, idan ya dawo cike takardar neman gurbi ba zai tambayi kowa wane fanni zai rubuta ba.